Mako na bakwai da Milton: ɗango ɗaya ya tsayar da ni

'Yan'uwa masu koyon fassarar waƙa, ga inda na kwana. Na gama buɗewar kashi na 3 na Paradise Lost, doguwar waƙar Turanci kan faɗuwar Adamu, inda mawallafinta John Milton ke kukan makantarsa. Tun 1652 idonsa ya rufe, shibta ya riƙa yi ana rubuta masa har waƙar ta fito a 1667. Wannan wurin bai ba ni wuya ba, domin kuka ko'ina kuka ne.

Ɗango na 99 ne ya cinye mini kwana huɗu. A nan Allah Uba, kamar yadda Kirista ke kiransa, yana hango Shaiɗan ya nufo duniya, yana faɗa wa Ɗa, wato Almasihu, cewa mutum zai faɗi, amma laifin na mutum ne. Da farko na fassara kalmar “free” da ke cikin ɗangon da 'yanci. Da na rera sai na ji kalmar tana ƙamshin bawa da ubangidansa, ko kuma siyasa. Na goge, na koma ga zaɓi:

Na ba shi ƙarfin tsayawa,
Na bar masa zaɓin faɗuwa.

Milton da gangan ya ƙi amsa-amo, gaɓa goma-goma kawai yake jerawa. Ni kunnena bai yarda da waƙa ba amsa-amo ba, shi ya sa na bi ƙwar biyu.

Ku yi hattara da kalmar ƙaddara, don Allah. Sau biyu alƙalamina ya kai gare ta, alhali ita ce za ta rushe hujjar gaba ɗaya. Milton ya saɓa wa mabiya Calvin, malamin Kirista mai koyar da ƙaddara, a wannan gaɓar: a wurinsa Allah ya riga ya sani, amma saninsa bai tura kowa ba, kuma biyayyar dole ba ta nuna ƙauna. Adalcin Allah ma a kan wannan ya ɗora shi. Mala'ikun da suka faɗi su suka ruɗi kansu, babu rahama gare su; Adamu ruɗarsa aka yi, saboda haka ƙofar rahama na buɗe gare shi. Wannan rabon har yanzu yana yi mini nauyi a zuciya, kuma ba na so in sassauta shi a fassara don kawai ya yi daɗin ji.

Mako mai zuwa zan shiga inda sama ta yi tsit, Ɗa ya ce a ɗora masa mutuwar da ta hau kan mutum. Wanda ya sami kalmar da ta fi fansa dacewa da karin nan, ya taimaka mini da ita.