Tafiya Washinton Ranar da Phi Beta Sigma Ta Cika Shekara Ɗari

Jirgin ƙasa na Amtrak daga Niyok zuwa Washinton yakan ci kusan awa uku da rabi, ya bi ta Filadelfiya da Baltimo. Shi na hau da sassafe ranar Alhamis, 9 ga Janairun 2014, a makon da sanyin ƙanƙara ya mamaye gabashin Amurka. A tashar Union sai ka sayi katin SmarTrip, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na jan layi, ka sauya zuwa koren layi a Gallery Place, ka sauka a Shaw-Howard. Sauran hawa ne a ƙasa ta titin Georgia zuwa Jami'ar Howard. A sa takalmi mai kauri.

Tun daga bakin tashar na fara gane 'yan bikin cika shekara ɗari na Phi Beta Sigma, ƙungiyar zumunci ta ɗalibai maza baƙar fata. Dattawa ne cikin shuɗiyar kwat da farar riga, launukan ƙungiyar ke nan, wasu da sanda, wasu da jikoki. Duk wanda ya hango irin shigarsa sai ya miƙa hannu, a haɗa kafaɗa, ya faɗi reshensa da shekarar da ya shiga. Na ga wani mai furfura ya tsayar da saurayi yana gyara masa ƙaramin bajon ƙungiya a wuyan kwat, yana tambayarsa makin da ya ci a zangon da ya wuce. Nan ne karonsu na farko.

Ɗalibai uku na Jami'ar Howard suka kafa ƙungiyar a 1914: A. Langston Taylor da Leonard F. Morse da Charles I. Brown. Tana cikin manyan ƙungiyoyin zumunci tara na ɗaliban baƙar fatar Amurka, kuma biyar daga cikinsu a Howard aka haife su. Shi ya sa filin da ke gaban ɗakin karatu na Founders yake da bishiyoyi da kujeru da aka shafa wa fenti, kowace ƙungiya da launinta. Baƙo ya ɗauki hoto, amma kada ya zauna a kai. Mutumin Afirka ta Yamma yana da abin tsayawa a nan: Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi karatu a Howard kafin ya koma Jami'ar Lincoln, ɗan ƙungiyar ne, haka ma Kwame Nkrumah, wanda ya shiga a Lincoln.

Ɗan Najeriya da ya ji haka zai tuna 'yan ƙungiyar asiri na jami'o'inmu. Amma 'yan Phi Beta Sigma suna da rajista, da hedikwata a titin Kennedy, da mujalla, hukumar jami'a kuma tana da sunayen mambobinsu. Abin da ya riƙe su ƙarni guda, a ganina, tsofaffin ɗalibai ne. Reshe iri biyu ne, na masu karatu da na waɗanda suka gama. Na farkon yakan zama 'yan mutane kaɗan, kuma cikin shekara huɗu duk sun watse. Na biyun shi ke da kuɗi da ƙwarewa: shi ke ba reshen ɗalibai mai ba da shawara, ya duba littafin kuɗinsu, ya tara tallafin karatu, ya nema wa mai kammalawa aiki, ya kuma kula da kulob ɗin Sigma Beta na yara maza 'yan shekara 8 zuwa 18. Kuɗin shekara hawa uku ake biya, na reshe, na shiyya (shiyyoyin bakwai ne), da na ƙasa. Wanda bai biya ba ɗan'uwa ne har abada, amma ba shi da ƙuri'a a babban taron da ake yi duk bayan shekara biyu. Saboda haka a irin wannan biki, bayan an yi da'ira an riƙe hannu an rera taken ƙungiya, za ka ga ma'ajin reshe yana bin waɗanda suka daɗe ba a gansu ba.

Inda abin ke lalacewa wajen ɗaukar sababbi ne. Dā akan wahalar da mai neman shiga da duka da hana barci na makonni. Bayan mutuwar wani ɗalibi a Kwalejin Morehouse a 1989, a hannun wata ƙungiyar daban, shugabannin ƙungiyoyin suka soke wannan tsari a 1990, suka kawo na takarda: cike fom, duba maki, ganawa, darasin tarihi. Al'adar ba ta mutu ba, ɓuya ta yi, kuma sau da yawa tsofaffin ɗalibai ne ke zuga yara da cewa wanda bai sha wuya ba bai cika ɗan'uwa ba. In aka kama reshe, dakatarwa ce ta shekaru, ga ƙara a kotu, ga kuɗin inshora da zai hau kan kowa.

Da la'asar na gangara titi na 12, kusa da tashar U Street, inda tsohon ginin YMCA, ƙungiyar samari Kiristoci, yake. A wani ɗakinsa aka yi zaman kafa ƙungiyar, yanzu kuma cibiya ce mai sunan Thurgood Marshall. Musulmin da yunwa ta kama a unguwar ya yi hattara da tsiran-alade na shagon Ben's Chili Bowl, akwai naman alade a wanda ya fi suna. Gidajen abincin Habasha suna wajen titi na 9, a can na ci injera, gurasar Habasha, da miyar wake kafin jirgin dare.