Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Aka Karɓe Min Kambu

A makon jiya na tsaya a inda na zama kyaftin ɗin ƙungiyar unguwarmu. Lamba biyar nake bugawa. Dogo ne ni, ga rashin gudu, shi ya sa 'yan gidan kallo suka laƙaba min Hifiya, wato Sami Hyypiä, ɗan Finland ɗin nan da Gérard Houllier ya sayo wa Liverpool daga Willem II ta Holan a 1999. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Mutumin ba ya gudu, amma kafin ɗan gaba ya juya ya riga ya tare hanya, ƙwallon sama kuwa tasa ce. Shi da Henchoz suka riƙe baya a 2001, shekarar da Liverpool ta ɗauki Kofin FA da na League da na UEFA.

Wata yamma bayan atisaye, ina kwance igiyar takalmi, kocinmu ya tsuguna kusa da ni.

"Dogo, daga Juma'a ƙaramin can zai ɗaura kambun kyaftin."

"Koci, laifin me na yi?"

"Babu. Kai da kambu da babu kambu, wasanka ɗaya ne. Shi kuwa sai an ɗora masa nauyi yake tashi. Mai sunanka ma ai an yi masa."

Gaskiya ya faɗa. A Oktoban 2003 Houllier ya karɓe kambun daga hannun Hyypiä ya ba Steven Gerrard, yaro ɗan shekara 23. Wani da tuni ya nemi a sayar da shi. Hyypiä kuwa ya zauna, ya ci Juventus ƙwallo a Anfield a 2005, ya buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Istanbul da aka rama wa AC Milan ƙwallo uku, bai bar ƙungiyar ba sai 2009, bayan wasa 464. Ni dai mako biyu ban yi wa yaron magana ba, amma ban fasa zuwa fili ba.

Da Hyypiä ya rataye takalmi a Bayer Leverkusen a 2011, na yi ta cika baki a majalisa cewa za a ga koci. Farkon abin kamar zai tabbata: shi da abokin aikinsa na koci Sascha Lewandowski suka kai ƙungiyar ta uku a Bundesliga a kakar 2012/13. Da aka bar shi shi kaɗai sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Manchester United ta zuba masa biyar har gida, PSG ta zuba huɗu, aka sallame shi a Afrilun 2014. Brighton wata shida kawai ya yi ya ajiye aiki, FC Zürich kuma ta kore shi a Mayun 2016, ta faɗa rukuni na biyu a kakar.

A ganina sanyin halin da ya gyara masa wasa shi ya cuce shi a benci. Ɗan baya da shiru yake aiki, koci kuwa akwai ranar da dole ya ɗaga murya a ɗakin canza kaya. Abokaina na majalisa har yau ba su yarda da wannan ba, wai 'yan wasa ne bai samu ba.

A daidai lokacin ne kocinmu ya samu canjin wurin aiki, ya miƙa min usur da jakar riguna, ya bar min yara 'yan ƙasa da sha biyar. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.