Daga Ɗakin Emily Dickinson Zuwa Kabarinta

Ranar da aka rufe taron da ya kai ni birnin Boston, abokan tafiyata sun shirya zuwa kasuwa sayen tsaraba, ni kuwa na yi sammako na nufi tashar mota, domin tun kafin in bar gida na ƙudure a raina cewa ba zan baro Amurka ba sai na ga garin Amherst, mahaifar marubuciyar waƙoƙi Emily Dickinson. Garin yana yammacin jihar Massachusetts, tazarar kilomita 150 ko kusa da haka daga Boston, kuma ɗan yayata yana karatu a babbar jami'ar da ke can, don haka ina da masauki ina da ɗan jagora. Watan Oktoba ne, lokacin kakarsu, itatuwan da ke gefen hanya duk sun rine, wasu ja wasu ruwan ɗorawa, har motar ta gangara kwarin kogin Connecticut inda gonaki suka shimfiɗu. Na sauka da hantsi, iska mai sanyi tana kaɗawa irin ta tsakiyar hunturu a wurinmu, ga shi su a ganinsu sanyi bai ma fara ba.

"Kawu, wai duk wannan tafiyar saboda matar nan da ba ta fita daga ɗaki ka yi ta?" in ji ɗan yayata bayan mun gaisa ya karɓi jakata. Shekararsa biyu a garin, kullum yana wuce ƙofar gidan, amma bai taɓa shiga ba. Na ce masa lallai saboda ita ne, kuma yau shi ma zai shiga.

Emily Dickinson, wadda aka haifa ranar 10 ga Disamba 1830, ba 'yar talakawa ba ce. Kakanta Samuel Fowler Dickinson, wanda ya gina gidan da muka nufa a wajajen 1813, yana cikin mutanen da suka kafa Kwalejin Amherst, mahaifinta Edward kuwa lauya ne, ya daɗe yana ma'ajin kwalejin, har ya taɓa zama ɗan majalisar wakilai a Washington. Gidan bene ne na jan bulo da aka shafa wa fenti ruwan ƙwai, yana kan wani ɗan tudu a bakin babban titin garin, kuma tun 2003 aka haɗa shi da gidan yayanta Austin da ke maƙwabtaka aka mai da su gidan tarihi. Wata dattijuwa mai fara'a ce ta zagaya da mu, mu tara, ta fara da falon ƙasa, sannan ta tsayar da mu a farfajiyar ciki ta nuna mana matakala. A nan aka yi wa mahaifin addu'ar jana'iza a 1874, in ji ta, amma Emily ba ta sauko ba, tana ɗakinta a sama ta bar ƙofa a ɗan buɗe tana sauraro.

Na zo da wani hoto a zuciyata, na ɗaki mai duhu da mace mai tsoron duniya a takure a kusurwa. Ɗakin da muka tarar yana kusurwar kudu maso yamma, tagoginsa manya, rana tana kwarara a kan dabe, bangonsa an manna masa takarda mai zanen furannin wardi. Ta wata tagar ana ganin titi da duk mai wucewa, ta wata kuma ana hango hanyar da ta nufi gidan Austin da matarsa Susan, aminiyar Emily, wadda ta aika wa waƙoƙi fiye da kowa. Akwai gado, akwai murhun dumama ɗaki, akwai kwaikwayon farar rigar da ta shahara da sawa a ƙarshen rayuwarta. Abin da ya tsayar da ni shi ne teburin rubutu. Faɗinsa bai kai rabin mita ba, da ƙyar zai ɗauki fitila da takarda da gwiwar hannu ɗaya. Wannan ma kwaikwayo ne, na asalin yana Jami'ar Harvard, amma girman ɗaya ne, kuma na daɗe ina kallonsa ina tuna cewa waƙoƙin da matar nan ta bari sun kusa 1,800, waɗanda aka buga tana da rai kuwa kimanin 10 ne kacal, su ma babu sunanta a jiki.

Ɗan yayata ya raɗa mini cewa ashe su ma suna da kulle. Na ce masa a'a, wannan ba miji ne ya kulle ta ba, don ba ta taɓa aure ba, kuma ba uba ne ya hana ta fita ba. Tana yarinya ta yi shekara bakwai a makarantar garin, ta yi shekara guda, 1847 zuwa 1848, a makarantar mata ta Mount Holyoke, ta je Washington da Philadelphia a 1855, ta zauna watanni a yankin Boston a 1864 da 1865 tana jinyar ido. A hankali ta riƙa janyewa, har ya zamana daga ƙarshen shekarun 1860 ba ta ƙetare shingen gidan, wasu baƙi ma sai dai ta yi magana da su ta bayan ƙofa. Masana sun yi ta kawo dalilai, daga ciwon ido zuwa fargabar shiga jama'a zuwa jinyar mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye a 1875 ta kwanta shekara bakwai. Jagorarmu ta fi son labarin da 'yar Austin ta bayar daga baya, cewa wata rana gwaggon tata ta rufe ƙofar ɗakin nan ta yi kamar tana murɗa mabuɗi, ta ce mata juyi ɗaya kawai, sai 'yanci. Ni dai na lura cewa mai zaman kaɗaicin nan ita ce ke gasa burodin gidan, ita ce ke kula da lambu, tana zura wa yaran unguwa kwando cike da waina mai citta ta taga da igiya, kuma wasiƙunta da suka tsira sun haura 1,000.

Maganar mutuwa, wadda ita ce ta kawo ni, ba a wannan gidan ta samo asali ba. Daga 1840 zuwa 1855 iyalin suna zaune a wani gida dabam da ke jingine da maƙabartar garin, don haka tun tana 'yar shekara tara take ganin masu kai gawa suna wucewa ta gindin taga. Tana da shekara 13 ƙawarta kuma 'yar uwarta Sophia Holland ta rasu, aka bar ta ta shiga ta ga yarinyar a kan gadon mutuwa, abin ya taɓa ta har sai da iyayenta suka tura ta Boston wurin dangi ta huta. Benjamin Newton, matashin da ke koyon aikin lauya a ofishin mahaifinta, wanda ya fara gaya mata cewa za ta zama mawaƙiya, tarin fuka ya ɗauke shi a 1853. Shekarun da ta fi yin rubutu kuma su ne shekarun yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, lokacin da aka dawo garin da gawar Frazar Stearns, ɗan shugaban kwalejin, wanda aka kashe a fagen daga a 1862. A zamaninta mutane a gida suke mutuwa, dangi suna kewaye da gado suna jiran kalmar ƙarshe, domin a aƙidar Kiristocin yankin yadda mutum ya cika alama ce ta inda ya dosa. Ita kuwa ta ƙi fitowa ta bayyana tubanta a coci kamar yadda mahaifinta da ƙanwarta da ƙawayenta suka yi, har a Mount Holyoke an sa ta cikin rukunin ɗaliban da ake cewa babu fata a kansu.

A tsaye a ɗakin, jagorar ta karanta mana waƙar ƙuda, wadda na sha karantawa amma ban taɓa jin ta daga bakin wani ba. Mai magana a waƙar ta riga ta mutu, tana ba da labarin yadda abin ya faru: ɗaki ya yi tsit kamar lafawar iska tsakanin hadari da hadari, idanun dangi sun bushe da kuka, kowa ya riƙe numfashi yana jiran Sarki ya bayyana, ta gama rabon 'yan kayanta, sai ga ƙuda ya gitta yana ƙugi yana tuntuɓe tsakaninta da haske, daga nan tagogi suka dushe, gani ya ƙare. Ni da na tashi ina jin waƙoƙin wa'azi, waɗanda suke riƙe hannun mai sauraro daga fitar rai zuwa kwanciyar kabari da tambayar Munkar da Nakir har ranar hisabi ba tare da shakka ko ɗaya ba, na san bambancin nan take. Malamanmu sun rubuta abin da suka yi imani yana bayan ƙofar. Wannan mata ta tsaya a bakin ƙofar, ta ƙura ido, ta rubuta iyakar abin da mai rai zai iya hanga, kuma inda ganinta ya tsaya nan waƙar take tsayawa. Ban yarda da ita a komai ba, amma ban taɓa karanta wanda ya kalli wannan sa'a da natsuwa irin tata ba.

Abin mamaki shi ne karin da ta ɗora waƙoƙin a kai na waƙoƙin coci ne, gajerun baitoci masu layi huɗu da kowane yaro a garin zai iya rerawa, sai ta riƙa karya amsa-amon da gangan, tana jan 'yan gajerun layuka tsakanin kalmomi kamar mai magana da numfashi yake yankewa. Daga 1858 ta fara kwafe waƙoƙinta a takardu masu kyau tana ninkewa tana ɗinkewa da allura da zare, har ta haɗa 'yan littattafai 40. A watan Afrilun 1862 ta aika wa marubuci Thomas Wentworth Higginson waƙoƙi huɗu tana tambayarsa ko baitocinta suna da rai. Ya ga baiwa, amma ya ga kamar aikin yana buƙatar gyara, ita kuma ba ta gyara ba, ba ta kuma nemi a buga ba. Bayan rasuwarta ne ƙanwarta Lavinia ta ci karo da tarin takardun, ta dage sai an buga su. Bugun farko na 1890, wanda Higginson da Mabel Loomis Todd suka shirya, an daidaita masa amsa-amo, an cire 'yan layukan, an laƙa wa waƙoƙin kanu, kuma sai a 1955 aka fito da su kusa da yadda ta rubuta.

Gidan Austin mun bi ta ƴar siririyar hanyar da ta haɗa gidajen biyu muka isa gare shi. A can ne ƙaramin ɗansa Gilbert, ɗan lelen Emily, ya rasu da zazzaɓin taifot a Oktoban 1883 yana da shekara takwas, kuma an ce daren da yake jinyar ƙarshe ta tako wannan hanya ta shiga gidan bayan shekaru masu yawa ba ta shiga ba. Mahaifiyarta ta rasu shekara guda kafin nan, alƙali Otis Lord, wanda suka yi soyayya da shi ta wasiƙa bayan ta manyanta, ya bi a 1884. Daga nan lafiyarta ba ta sake dawowa ba. Ta cika ranar 15 ga Mayu 1886 tana da shekara 55, likita ya rubuta ciwon ƙoda, ko da yake likitocin yanzu da suka duba alamomin sun fi karkata ga hawan jini.

Da la'asar muka taka zuwa maƙabartar, tafiyar da ba ta wuce minti goma ba. Inda gidan ƙuruciyarta yake a da gidan mai muka tarar, kuma maƙabartar tana bayan shaguna, wanda bai sani ba zai wuce ta. Kaburburan iyalin suna cikin wani ɗan shingen baƙin ƙarfe, ita da iyayenta da Lavinia. A kan dutsenta an rubuta ranar haihuwa, a saman ranar mutuwa kuma kalmomi biyu na Turanci masu ma'anar an kira ta ta koma, waɗanda aka ɗauko daga gajeruwar wasiƙar da ta aika wa 'yan uwanta mata biyu kwanaki kaɗan kafin ta rasu. Masu ziyara sun jera alƙalumma da fensira da tsakuwa da 'yan takardu a saman dutsen.

A nan na ba ɗan yayata labarin waƙarta da ta fi shahara, inda Mutuwa ya zo a siffar mutum mai ladabi ya tsaya da keken doki ya ɗauke ta, tunda ita ba ta da lokacin tsayawa dominsa, suka wuce makaranta yara suna wasa, suka wuce gonakin hatsi, suka wuce faɗuwar rana, har suka dakata a gaban wani gida da bai wuce ɗan tudun ƙasa ba. Ya tambaye ni ko a keken doki aka kawo ta nan ɗin. Na ce masa a'a, ta bar wasiyya, kuma an cika mata: ma'aikata shida 'yan asalin Ayalan da suka yi wa gidansu aiki ne suka ɗauki farin akwatinta, suka fita da shi ta ƙofar baya, suka zagaya lambunta, suka ratsa ta rumbun dabbobi, suka bi ta cikin fili mai furanni da ƙafa har bakin ramin, ba su hau titi ba. Ya yi shiru yana duban hanyar da muka biyo, wadda yanzu duk kwalta ce da wuraren ajiye motoci, sannan ya zaro biro daga aljihun rigarsa ya miƙa hannu ta saman shingen ya ajiye shi cikin sauran. Rana ta riga ta yi ƙasa, muka juya da sauri don mu sami Magariba a masaukinsa.