Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Sufaye na Kan Dutsen Kasino

A makon jiya na tsaya a inda na samu aikin gini a garin Kasino, kimanin kilomita 130 kudu maso gabas da birnin Rum. Duk inda mutum ya tsaya a garin, in ya ɗaga kai zai hango wani farin gini shimfiɗe a kan dutse, wato gidan sufayen Kirista. Wani dattijo abokin aikina, wanda mahaifinsa yana cikin leburorin da suka sake gina wurin, shi ne ya hau da ni wata ranar Lahadi.

Waliyyi Benedik ne ya kafa gidan wajen shekara ta 529, a nan kuma ya rubuta dokokin da sufayen Kirista da yawa suke bi har yau, inda ake raba yini tsakanin ibada da karatu da aikin hannu. Sau huɗu gidan yana rushewa. Lambadawa, wata ƙabila da ta mamaye Italiya, sun rusa shi, mayaƙan Larabawa sun auka masa a 883, girgizar ƙasa ta kayar da shi a 1349, sannan ranar 15 ga Fabrairun 1944, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Amurka suka yi masa ruwan bama-bamai bisa zaton sojojin Jamus suna ciki.

Ni da na gaji gini a gidanmu, abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda aka mayar da komai inda yake, kamar yadda yake a da. A babban tsakar gidan akwai rijiya mai kusurwa takwas, daga nan matakala mai faɗi take hawa da mutum zuwa majami'ar. Na daɗe a gaban ƙofar tagulla da shugaban gidan na wancan zamani, Desideriyus, ya sa aka ƙero a Kustantiniya (Istanbul ta yau) a 1066, wadda aka zana mata sunayen filaye da majami'un da gidan ya mallaka. A ciki kuwa, na sa yatsa ina bin gaɓar marmara mai launi-launi, inda aka haɗa ɓaraguzan da aka tono da sabon dutse, da ƙyar ido yake rarrabewa. Wanda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, ba zai san irin haƙurin da wannan aiki ya ci ba.

Fafaroma Paul na Shida ne ya keɓe sabon ginin don ibada a 1964. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin littattafan gidan da yadda aka kwashe su zuwa Rum kafin harin 1944.