Lambobin Bakin Faifai

Na sauka Manchesta a watan Oktoba na 2022 da takardar aikin kula da tsofaffi. Wanda bai taɓa ganin magariba ta riski la'asar ba, ba zai gane abin da watannin farko suka yi mini ba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ga yayyafi da ba ya ɗaukewa, ga sanyi mai shiga ƙashi. Ɗaki guda na kama a unguwar Longsight, inda aƙalla akwai masallatai da mahautan halal, amma rayuwata ba ta wuce daga ɗaki zuwa bas, daga bas zuwa gidajen mutane ba. Turancin da na yi karatu da shi a Zariya ma sai ya ƙi yi mini aiki, don mutanen nan haɗiye rabin kalma suke yi.

A wata na huɗu aka tura ni gidan wani dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai. Matarsa ta rasu, ciwon karkarwa ya kama hannuwansa, idonsa kuma ya yi rauni. Ba zan iya kiran sa'an mahaifina da gatsal ba, sai na riƙa ce masa Baba. Ya tambaye ni ma'anarsa, na gaya masa, ya gyaɗa kai. Tun daga ranar shi kuma yake ce mini ɗana.

Aikina magani ne da wanka da abinci. Amma a ɗakinsa na baya akwai akwatuna jere a kan katako, kowanne cike da ƙananan faya-fayan garmaho masu faɗin inci bakwai, irin waɗanda ke juyawa sau 45 a minti ɗaya. Wata safiya na tarar da shi riƙe da ɗaya kusa da taga, hannu na rawa, yana ta karkata shi ga haske. Ya ce, "Ɗana, idonka ya fi nawa. Karanta mini abin da ke nan." Na duba takardar tsakiya. Ya ce ba nan ba. Ya nuna mini ɗan filin nan mai santsi da ke tsakanin zaren waƙa na ƙarshe da takardar. Ni da a tunanina babu komai a wurin, sai ga haruffa da lambobi ƙanana kamar sawun tururuwa. Na karanta masa: ZTSC, sai lambobi. Ya yi ajiyar zuciya ya ce wannan na asali ne, domin alamar kamfanin faifai na Columbia ce ta reshen Shikago a Amurka, wanda ya yi wa ƙananan kamfanonin Ditroyit aiki da yawa.

Daga nan karatuna ya soma. Kiɗan da yake tarawa shi ne Soul na baƙaƙen fatar Amurka na shekarun 1960, amma ba wanda duniya ta sani ba. Kowa ya san Motown, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a Ditroyit a 1959 da bashin dala 800 daga danginsa. A gefensa kuwa akwai ɗimbin ƙananan kamfanoni, irin su Ric-Tic da Golden World a Ditroyit ɗin, da Shrine a Washinton, suna fafutukar yin irin wannan kiɗa mai sauri. Yawanci a buga 'yan ɗaruruwa, rediyo ta ƙi sakawa, kaya su kwanta a sito. Baba ya nuna mini wasu da aka huda wa ƙaramin rami a takarda, alamar kwantai ne da aka karyar da kuɗinsa. Irin waɗannan ne 'yan kasuwa suka riƙa kwasowa a araha suna shigowa da su Ingila.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne waɗanda suka karɓe su. Samari ne da 'yan mata fararen fata, ma'aikatan masaƙu da ma'adinai na arewacin Ingila. Baba ya fara zuwa gidan rawa na Twisted Wheel a nan Manchesta kafin a rufe shi a 1971, sannan ya koma Wigan Casino, wani gidan rawa a garin Wigan kusa da Manchesta, inda aka riƙa kwana ana rawa daga 1973 har zuwa 1981. Sunan da ake kiran wannan kiɗa da shi, Northern Soul, ma wani ɗan jarida ne mai shagon faifai a Landan, Dave Godin, ya laƙaba, saboda ya lura masu zuwa daga arewa daban abin da suke nema yake. Baba bai ɓoye mini komai ba: ba a sayar da giya a daren Wigan, amma ƙwaya ta yi yawa, kuma ta ci wasu abokansa. Ginin Wigan Casino ya ƙone bayan rufe shi, yanzu rukunin shaguna ne a wurin.

Tun da kowa na son ya mallaki abin da babu, sai jabu ya shigo. Masu saka faifai a gidan rawa kan liƙe takardar tsakiya su rubuta sunan ƙarya don kada abokin hamayya ya gano. 'Yan damfara kuma su kwafi waƙa su buga da takarda mai kama da ta asali. Shi ya sa ba a gane faifai da kunne kaɗai. Sai an haɗa da ido da yatsa. Baba ya koya mini in shafa bakin takarda: idan na ji tudu, liƙa ta aka yi, faifan na sitarin ne, wata irin roba mara nauyi, mai saurin cinyewa; idan kuwa takardar ta nutse cikin jikin faifan, binil ne, robar da aka fi yin faifai da ita. In wani faifai an san na asalinsa sitarin ne sai ka same shi a binil, to ka yi hattara. Ya koya mini bambanta lambar da inji ya buga da wadda aka karta da hannu, da neman ɗan kusurwa uku na masana'antar Monarch ta Los Anjeles, da tambarin kamfanonin Bell Sound ko Nashville Matrix. Ya koya mini duba rubutun takarda, ko tsaf yake ko ya ɗan dushe kamar hoton hoto. Babu alama ɗaya da ta isa; sai ka san yadda aka yi wannan faifan takamaimai, a wace shekara, a wane gari.

Na tuna ranar da ya ba ni labarin faifan Frank Wilson, "Do I Love You (Indeed I Do)", wanda Motown ta buga a 1965 sannan ta fasa fitarwa, aka lalata kusan duka. A 2009 an sayar da ɗaya fam 25,742. Na yi shiru ina lissafa kuɗin da naira. Na tambaye shi, su mawaƙan fa, me suka samu? Shi Wilson ya yi suna a tsara waƙoƙi, amma da yawa daga cikin sauran sun koma aikin masana'antar mota ko tuƙi, ba su ma san ana rawa da muryarsu a wata ƙasa ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Baba ya ce daga baya an nemo wasu, an kawo su Ingila sun hau dandamali da furfurarsu, sun ga dubban mutane sun haddace waƙar da su kansu suka manta. Ya ce ya ga ɗaya yana kuka. Ina ganin hakan abu ne mai kyau, amma bai biya haƙƙin ba.

Ran nan 'yar Baba ta ce tana so a rubuta abin da ke cikin akwatunan saboda inshora. Muka riƙa ɗaukar goma-goma bayan na gama aikina. A akwati na uku na zaro wani da yake ji da shi ƙwarai, ya ce tun 1976 yake hannunsa. Na karkata shi ga haske. Babu tambarin da ya kamata, lambar a karce take, rubutun takarda ya dushe. Na juya shi sau uku ina fatan ni ne na yi kuskure. Zuciyata ta ce in yi shiru, mutum ne mara lafiya, kuma ni baƙo ne da takardar zamana ke rataye da aikin nan. Amma amana ya ba ni da ya ce in zama idonsa. Na ce, "Baba, wannan ba na asali ba ne." Ya karɓa, ya shafa, ya ajiye, bai ce uffan ba. Kwana biyu daga gaisuwa ba ya ƙara komai.

A rana ta uku ya miƙo mini gilashinsa na ƙara girman rubutu, mai marfin fata, ya ce in riƙe. Ranar Lahadin da ta biyo baya, wadda ba ta aiki ba ce, na tura kekensa zuwa wata kasuwar faifai da ake ci a wani zaure. Duk teburin da muka tsaya sai ya ce wa mai shi, "Wannan ɗana ne, ku ba shi ya duba." Dattawan suka riƙa miƙo mini faifai suna jiran abin da zan ce. Wata tara ina garin, ranar ce ta farko da aka tambaye ni ra'ayina a kan wani abu, kuma ranar na lura kunnena ya fara kama maganarsu ba tare da na ce a maimaita ba. Na sayi faifaina na farko fam shida, na Ric-Tic, da ɗan raminsa na kwantai.

Da na koma ɗaki na kira ƙanena a Zariya. Na tuna mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da faya-fayan Shata da Ɗan Maraya a wata adaka ta ƙarfe, ba wanda ya buɗe ta tun da kaset ya shigo. Na ce ya je ɗakin Inna ya duba. Bayan isha'i ya kira, ya ce guda goma sha ɗaya ne, huɗu zafi ya lanƙwasa su. Na ce kada ya jera su a kwance, ya tsayar da su a inuwa, kada kuma ya goge da tsumma. Sannan na ce ya ɗauki ɗaya ya haska tocilan a karkace kusa da takardar tsakiya. Ya ce, "Yaya, ba komai a nan." Na ce ya ƙara karkatawa. Ya yi jim, sai ya fara karanto mini lambobi, ni kuma ina rubutawa.