Na ga ɗakin taron da 'yan sa-kai suka shekara goma suna ginawa a Findhorn

Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Aberdeen da Inverness ne ya sauke ni a Forres, wani ƙaramin gari a yankin Moray da ke arewa maso gabashin Scotland. Daga nan zuwa ƙauyen Findhorn bai fi kilomita takwas ba. Direban bas ɗin da na shiga ko gaisuwata bai amsa ba, ya dai nuna mini na'urar biyan kuɗi da haɓa. Mota ta bi ta gefen barikin soja na Kinloss, wanda a da sansanin mayaƙan sama ne, sai ga manyan fankokin samar da lantarki suna juyawa a bayan tsibin yashi. A nan na sauka.

Abin da ya kai ni shi ne ɗakin taron al'ummar da ke zaune a wurin, Universal Hall. Amma sai an san yadda mutanen suka taru kafin a gane ginin. A watan Nuwamba na 1962 ne Peter Caddy da matarsa Eileen da 'ya'yansu uku da abokiyarsu Dorothy Maclean suka tare a filin ajiye gidajen tirela na Findhorn, bayan kamfanin da ya mallaki otal ɗin Cluny Hill da ke Forres, inda suka taɓa aiki, ya sallame su. Ba su da kuɗi, ƙasar wurin kuma rairayi ce zalla. Suka dinga haɗa taki suna shuka kayan lambu, har aka riƙa ba da labarin kabejinsu mai nauyin kusan kilo 18. Su sun ce umarni suke samu daga wata murya ta cikin zuciya da kuma ruhohin tsirrai. Wannan aƙida ba tawa ba ce, na kuma faɗa wa masu masaukina haka, ba wanda ya ɓata rai. Labarin lambun ne ya jawo jama'a daga ƙasashe, har ƙaramin ɗakin katakon da suka gina a 1968 don zaman shiru na tunani da zauren cin abincinsu suka kasa ɗaukar taro.

A 1974 aka fara aikin babban ɗakin, bisa zanen George Ripley, kuma sai wajen 1984 aka kammala. Ginin kusurwa biyar gare shi. Duk wanda ya taɓa riƙe igiyar awo ya san wahalar wannan: kowace kwana digiri 108 ce, ba 90 ba, saboda haka sukwayar birkila ba ta da amfani a nan. Kowane katako sai an auna shi daban an yanke bakinsa a karkace, in aka kuskure kaɗan a kwana ɗaya to sai kuskuren ya bi sauran huɗun, bango na ƙarshe ya ƙi haɗuwa. Rufin kuwa babu ginshiƙi a tsakiya da ke tokare shi. Manyan katakai ne suka taso daga gefe suka haɗu a sama, nauyin yana sauka kan bango. Amfanin haka a fili yake da zarar mutum ya zauna: kujeru kimanin 300 sun hau hawa-hawa suna kewaye da fili, ba abin da ke tare ido, kuma kana ganin fuskar wanda ke ɗaya ɓangaren. Na tsaya a tsakiyar daɓen katakon na yi magana ba tare da ɗaga murya ba, mutumin da ya buɗe mini ƙofa ya amsa daga layin ƙarshe.

Ɗakunan taronmu na gida yawanci doguwar rumfa ce ta bulo, manya a kan dandamali, sauran jama'a suna kallon ƙeyar juna, in lasifika ta mutu taro ya watse. Wanda zai gina wurin da za a riƙa shawara, ba wurin jawabi kawai ba, ya kamata ya zo ya zauna a wannan ɗaki na awa ɗaya.

Bangon gaba na dutse ne, an sassaƙa kowane da hannu an zaunar da shi daidai da maƙwabcinsa. Na sa yatsa a tsakanin wasu duwatsun, ramin bai ɗauki farce ba. A bakin shiga akwai gilashi mai launi, aikin James Hubbell ɗan Amurka, da rana ta faɗo masa sai launukan suka zubo a ƙasa. Akwai ɗakin ɗaukar sauti da ɗakin koyon rawa a cikin ginin, da wurin shan shayi a gefe.

Wata dattijuwa da ta yi aikin ginin tana budurwa ita ta ba ni masauki, ta ƙi karɓar ko kwabo, har ta tambaye ni ina alƙibla take don ta gyara mini wurin salla. Ita ta bayyana mini dalilin shekara goman. Aikin gayya ne, masu yinsa kuma baƙi ne da ke zuwa su tafi. Da mutum ya fara iya sassaƙa dutse sai lokacin tafiyarsa ya yi, a koma koya wa sabo. Kuɗi ya yanke a tsaya, ya samu a ci gaba. Ga sanyin hunturu da ke hana siminti kamawa yadda ya kamata. Ta ce kafin su taɓa kayan aiki kullum sai sun tsaya a da'ira sun riƙe hannun juna sun yi shiru na ɗan lokaci, kuma har yau haka suke fara aiki.

Ta kai ni inda gobarar Afrilun 2021 ta cinye zauren cin abincin da tsohon ɗakin shirun a dare ɗaya. Wani ma'aikacinsu ne ya cinna wutar, ya kuma amsa laifinsa a kotu. Gine-ginen katako ne, kafin gari ya waye sun zama toka. Daga baya, a 2023, gidauniyar Findhorn da aka kafa a 1972 ta dakatar da kwasa-kwasanta saboda ƙarancin kuɗi, ma'aikata da dama suka rasa aiki. Babban ɗakin bai rufe ba. A kan allon sanarwa na ga jerin kiɗe-kiɗe da wasannin kwaikwayo da tarukan unguwa, mutanen Forres ma nan suke zuwa kallo.

Tsadar wurin kam ta dame ni. Kuɗin shayi kofi ɗaya da yankan kek zai ci da mutum uku a Kano, su ƙoshi. Sun fito da takardar kuɗinsu mai suna Eko, ɗaya daidai da fam ɗaya, don kashewa a shagunan wurin. Na ga gidajen da aka yi da tsoffin manyan gangunan giyar wiski tun 1986, da rumfar gilashin da tsirrai da ƙwayoyin halitta ke tace ruwan masai a cikinta tun 1995, ba wari ko kaɗan. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, tazarar isha da asuba kuwa ba ta isa barci.

Daga nan na wuce Inverness, ruwan sama bai bar ni na ga komai ba. Edinburgh cike take da 'yan yawon buɗe ido, kuɗin ɗaki ya ninka, kwana ɗaya na yi na kama hanyar Landan.