Allurar wata uku da shari'ar da ake yi a Florida

A sashenmu na tazarar haihuwa, allurar wata uku ce mata suka fi nema, don ba ruwan mace da tuna shan ƙwaya kullum. Shi ya sa na sa ido a kan ƙarar da matan Amurka suka kai kamfanin Pfizer, mai yin wannan allura da ake kira Depo-Provera, bisa zargin tana jawo ƙari a cikin kai.

Maganar ta taso ne daga wani bincike na Faransa da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a watan Maris na 2024. An duba mata 18,061 da aka yi wa tiyatar maninjiyoma, wato ƙarin da ke tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, aka ga haɗarin ya ninka sau biyar da ɗoriya ga waɗanda suka shekara ko fiye suna allurar. Abin da masu yaɗa labarin a WhatsApp ba sa faɗa shi ne, cikin dubban nan mata tara kacal ne masu allurar. Galibi ƙarin ba ciwon daji ba ne, amma in ya girma yakan taɓa gani ko ji, ya kawo farfaɗiya, wani lokaci sai an buɗe kai. Don haka ban yarda a raina shi ba, ban kuma yarda a firgita mata da shi ba.

A watan Fabrairu na 2025 aka tattara ƙararrakin gaban mai shari'a M. Casey Rodgers a garin Pensacola da ke jihar Florida. Ginshiƙin ƙorafin matan shi ne ba a gargaɗe su ba. Pfizer kuwa ya ce ya nemi hukumar FDA, mai kula da magunguna a Amurka, ta bari ya sa gargaɗin a takardar maganin, ta ƙi a 2024, alhali a Turai an riga an sa. Sai a watan Disamba na 2025 hukumar ta amince.

Can suna jayayya a kan takardar cikin kwali. Mu nan wace mace ce take ganin kwalin ma? Abin da na faɗa mata da bakina shi ne iyakar saninta. Wasu abokan aiki na cewa a yi shiru kada mata su gudu, musamman a Kano, inda ba a manta da gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba. Ni a ganina, ɓoyewar ce ke korar mutane ranar da suka ji daga wani bakin.

Yanzu kafin in zuƙi allura sai na tambaya: "Hajiya, shekara nawa kina yi? Kina ciwon kai mai naci? Ganinki ya canza?" Wadda ta taɓa yin wannan ƙari ba na yi mata. Wadda ta daɗe a kai kuma nakan kawo mata zancen robar mahaifa, tunda binciken bai ga ƙarin haɗari a mai ɗauke da sinadarin levonorgestrel ba. Da yawa sukan saurara, su ce a dai yi musu allurarsu, ni kuma in yi.